Tayar Taɓo ko Tayar Ko'ina: Wacce Ta Dace da Hanyoyin Katsina?

Wata rana cikin watan Afrilu, lokacin ina tattara samfurin ƙasa don binciken digirina na biyu, muka sauka daga kwalta a gaba da Kaita muka kama wata hanyar ƙauye. Hilux ce muka ɗauko haya, an sa mata sababbin tayoyi masu manyan haƙora, irin waɗanda in ka gani sai ka rantse ko bango za su hau. Tun daga cikin gari direban yake yabonsu.

Wajen ƙarfe uku na rana muka iso wata busasshiyar ƙorama, yashi fari fat. Muna kaiwa tsakiya mota ta fara nishi. Direba ya sa giyar ja da ƙafa huɗu, ya taka totur iya ƙarfinsa. Ko minti ɗaya ba a yi ba tayoyin nan suka haƙa wa kansu rami, cikin motar ya zauna daɓas a kan yashi. Muna nan muna ta tono da hannu, sai ga wata tsohuwar akori-kura ta 'yan kasuwa, maƙare da buhuna da mutane, tayoyinta duk sun suɗe. Ta gefenmu ta bi a hankali, ta haye abinta. Direbanta ya tsaya a ɗaya gaɓar, ya dawo da ƙafa, ya daddanna tayarmu ya ce, "Malam, wa ya ba ku wannan iskar? Ai dutse kuka ɗaura wa mota." Ya sa tsinke ya sassace iskar, muka ɗaga da jak muka cike ramukan, muka fita. Sai dab da magariba muka hau kwalta. Duk wanda ya san halin da hanyoyin ƙauyukanmu ke ciki a 'yan shekarun nan, ya san kafewar mota a daji bayan la'asar ba abin dariya ba ne.

Mai karatu, tambayar da ta hana ni sukuni ran nan ita ce: ta yaya suɗaɗɗiyar taya ta wuce inda sabuwa mai tsada ta kafe? Amsar tana cikin ilimin ƙasa, kuma in ka fahimce ta, zaɓen tayar da za ka sa wa motarka zai zo maka da sauƙi.

Me A/T da M/T ke nufi?

Duba gefen tayar Hilux ko Land Cruiser ko Prado, sau da yawa za ka ga ɗaya daga cikin waɗannan haruffa: H/T, A/T ko M/T. H/T tayar kwalta ce zalla, galibi ita ke zuwa da mota daga kamfani. A/T an yi ta ne ta ɗan taɓa ko'ina: kwalta, burji, yashi da taɓo mara zurfi. Bari mu kira ta tayar ko'ina. M/T kuwa don laka aka ƙera ta, mu ce mata tayar taɓo. Rabe-raben ba su wani daɗe ba. Kamfanin BFGoodrich na Amurka ya fito da All-Terrain T/A a 1976, sannan Mud-Terrain T/A a 1980, sauran kamfanoni suka bi sahu.

Ido ma zai nuna maka bambancinsu. Tayar taɓo tana da manyan haƙora masu tsayi, da giɓi mai faɗi tsakaninsu har yatsanka ya shige ya yi wasa. Haƙoran sukan gangaro har kafaɗar taya, gefenta kuma yakan yi kauri. Tayar ko'ina haƙoranta sun fi ƙanƙanta, sun matsu da juna, kuma a jikin kowane haƙori akwai ƙananan tsage-tsage kamar an sa reza. Ka riƙe waɗannan abubuwa uku a ranka, wato giɓi, kaurin gefe da tsage-tsage, domin duk amfani da illar da za mu ambata daga gare su suke fitowa.

Ƙasa ce ke tura mota

In taya ta juya, tana tura ƙasa baya, ƙasa kuma ta tura mota gaba. A kan kwalta wannan ba ya da wuya, tunda kwalta ba ta motsi. A kan ƙasa mai laushi kuwa, ita kanta ƙasar tana da iyakar ƙarfin da za ta iya jurewa. In ka wuce wannan iyaka sai ta yanke, ta zame, taya ta yi ta wulwulawa a wuri ɗaya. Ko injinka ya kai na tirela, ba zai ba ka turin da ƙasar ba ta da shi ba.

A shekarar 1773 wani injiniyan sojan Faransa, Charles Coulomb, ya bayyana cewa ƙarfin ƙasa daga wuri biyu yake zuwa. Na farko danƙo, wato yadda ƙwayoyin ƙasa ke manne wa juna. Na biyu gogayya, wato yadda suke cije juna idan an danne su da nauyi. Daga baya injiniyoyin motoci suka ɗora wannan a kan taya, musamman Mieczyslaw Bekker, ɗan asalin Poland, wanda ya fitar da littafinsa kan tafiyar ababen hawa bisa ƙasa a 1956, ya kuma yi aiki a kan motar da 'yan sama-jannatin Apollo 15 suka tuƙa a duniyar wata a 1971. A taƙaice lissafin shi ne:

Turin da ƙasa za ta bayar = (danƙo × faɗin wurin da taya ta taka) + (nauyin mota × gogayya)

Wurin nan da taya ke taka ƙasa, mu kira shi tafin taya, kamar tafin ƙafa.

To ga inda zancen yake. Busasshen yashi ba shi da danƙo ko kaɗan: damƙe shi a hannu, ka buɗe, zai zube. Gogayya kaɗai gare shi. Jiƙaƙƙiyar laka kuma akasin haka take: gogayyarta kusan babu, danƙo kaɗai ya rage mata. Dalili shi ne girman ƙwaya. Ƙwayar yashi takan kama daga milimita 0.05 zuwa 2, kana ganinta da ido. Ƙwayar yumɓu ba ta kai milimita 0.002 ba, kuma fale-fale take, ruwa na shiga tsakaninta da 'yar'uwarta. In ta bushe sai ta ƙanƙame ta yi tauri, shi ya sa Hasumiyar Gobarau ke tsaye ɗaruruwan shekaru da ginin ƙasa. In ta sha ruwa kuwa sai ta koma kamar sabulu.

Ka ga ke nan yashi da laka matsala biyu ce daban, ko da yake sakamakonsu ɗaya: mota ta kafe.

A cikin yashi: iska ta fi haƙori

Mu ɗauki Hilux da kayanta da mutanenta, nauyin duka kilo 2,400. Gogayyar busasshen yashi takan kai wajen 0.6. In duk ƙafafu huɗu na ja, yashi na iya ba motar turi na kusan kilo 1,400. Wannan turi ne mai yawa. Kuma ka lura, a lissafin nan babu ruwansa da girman haƙori, nauyi kawai yake dubawa. Shi ya sa 'yan akori-kura ke cewa mutane su koma baya su tsaya kan tayoyin da ke ja idan an shiga yashi. Ilimin Coulomb suke aiki da shi ba tare da sun taɓa jin sunansa ba.

To in turi ya wadata, me ke kafe mota? Nutsewa. Taya mai tauri tana lumewa cikin yashi, sai tudu ya taru a gabanta, ta zama kullum hawan tudu take yi ko da filin a shimfiɗe yake. In nutsewar ta yi yawa, ƙarfin da ake buƙata don hawa tudun ya fi wanda yashi zai bayar, sai mota ta tsaya cak.

Maganin nutsewa shi ne faɗaɗa tafin taya, kuma iska ce ke yin wannan. Kowace taya a misalinmu tana ɗauke da kilo 600. In iskarta psi 32 ce, tafinta zai kai kusan murabba'in santimita 270, bai kai rabin takardar A4 ba. In ka rage iskar zuwa psi 18, tafin zai kai wajen 470, kusan kashi uku cikin huɗu na takardar. Lissafi ne na kusa-kusa, tunda jikin tayar ma na ɗaukar wani nauyin, amma ya isa ya nuna maka yadda abin yake. Galibin ƙarin a tsawo yake, ba a faɗi ba, sai tayar ta riƙa shimfiɗa wa kanta hanya. Dabarar raƙumi ke nan: tafinsa na bajewa idan ya taka, shi ya sa yake wucewa inda kofaton doki ke lumewa.

Ralph Bagnold, hafsan sojan Ingila da ya riƙa kutsawa hamadar Libiya da motocin Ford tun ƙarshen shekarun 1920, da wannan dabara ta rage iska ya yi ta ƙetare tuddan rairayi, tun ba a san wata aba wai ita tayar taɓo ba. Shi ne kuma ya rubuta shahararren littafin nan kan kimiyyar rairayi a 1941.

Yanzu mu koma ƙoramar Kaita. Masu faci da yawa in ka ce su ba ka iska, sai su ɗura 45 ko 50, wai don kada taya ta kwanta. Haka aka yi wa tamu. Ga tauri, ga manyan haƙora. Da direba ya taka totur, kowane haƙori ya zama ƙaramin shebur yana kwashe yashin da ke ƙarƙashinsa yana watsawa baya. Suɗaɗɗiyar tayar akori-kura kuwa ba ta da abin tono, ga iskarta daidai, ga nauyi a kan ƙafafun baya, ga direban da ya san ba a yi wa yashi gaggawa.

Kada ka fahimce ni a baibai, tayar taɓo ma na tafiya a yashi idan an rage mata iska sosai. Sai dai kaurin gefenta kan sa ba ta bajewa da wuri, kuma ba ta yafe kuskure: ka ɗan zarce da totur, ta binne ka. Tayar ko'ina ta fi haƙuri da direba.

Wani abin lura, yashi mai danshi ya fi busasshe ƙarfi, domin ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yana riƙe su da juna. Don haka hanyar yashi takan fi daɗin bi bayan an yi ruwa, ko da sassafe, a kan tsakar ranar bazara.

A cikin laka: nan tayar taɓo ke cin kasuwarta

A watan Agusta na wannan shekarar muka je wata fadama a yankin Dutsin-Ma, wannan karon da motar da ke da tayar ko'ina. An kwana ana ruwa. Ba mu yi taku ashirin cikin baƙar lakar nan ba, tayoyin suka cika, zanensu ya ɓace gaba ɗaya, suka koma sumul kamar an yaɓe tukunya. Sai da tarakta ta ja mu.

Mu sake lissafi. Laka mai taushi danƙonta na iya zama wajen kilo 0.2 a kan kowane murabba'in santimita. Tafin tayoyi huɗu a psi 32 ya kama wajen 1,080. In ka ninka, turin da za ka samu bai fi kilo 220 ba. Kwatanta da 1,400 na yashi. Kuma a nan ƙara nauyi ba ya ƙara komai sai nutsewa. Dabarar tara mutane a bayan mota da ta yi aiki a ƙorama, a fadama ƙara kafewa take.

A irin wannan wuri haƙora ke da rana. Dogon haƙori yana nutsa cikin laka ya kama babban ɓangare, sai ya zama ana yanka laka ta ƙasa da kuma ta gefe, wurin da ke ba da turi ya ƙaru. Sau da yawa kuma saman ne kawai ya jiƙe ya yi santsi, a ƙasa kaɗan akwai tauri, dogon haƙori ne zai iya huda saman ya kai can.

Abu mafi muhimmanci shi ne giɓi. Haƙori ba shi da amfani in laka ta cike tsakaninsa da na kusa da shi. A tayar taɓo, faɗin giɓin da yadda roba ke motsawa in taya ta juya su ke sa lakar ta fice, haƙori ya dawo ƙasa a wanke. A tayar ko'ina giɓin ya yi ƙunci, lakar na shiga ta liƙe, sai ya zama laka ce ke gugar laka. Dubi tayar baya ta tarakta, za ka ga an kai wannan tunani ƙarshensa. A laka kaɗai ne ɗan wulwula taya ke da amfani, domin yana taimaka mata ta kakkaɓe kanta. A yashi kuwa haka ɗin ne ke binne mota.

Kaurin gefen tayar taɓo ma na da amfani ga mai shiga gona. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa, da tushiyar dawa bayan girbi, ta gefe suka fi huda taya, kuma hujin gefe ba ya karɓar faci mai aminci.

Wace irin ƙasa ke ƙarƙashin motarka?

Jihar Katsina ba ƙasa iri ɗaya ba ce. Daga birnin Katsina zuwa Kaita, Jibiya, Mashi, Daura, Mai'aduwa, har ka ƙetara Maraɗi, galibi jigawa ce, rairayin da iska ta tara tun zamanin da. Ruwan sama a nan yakan tsaya wajen milimita 600 zuwa 700 a shekara, kusan dukansa tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ya fi kowane wata. Jigawa kuma ba ta riƙe ruwa, an yi ruwa da dare, kafin azahar ta tsane.

In ka yi kudu, Malumfashi, Bakori, Ɗanja, Funtuwa, ruwan na kaiwa milimita 1,000, damina ta fi tsawo, ƙasar ta fi nauyi da danƙo. Ƙasar auduga da masara ke nan, kuma hanyoyin gonakinta na iya yin kwanaki suna caɓi. Sai kuma fadamu da bakin madatsun ruwa irin su Zobe, Jibiya da Ajiwa, inda za ka iya samun laka ko a tsakiyar yankin yashi.

Kana iya gwada ƙasar hanyarka da kanka. Ɗebi kaɗan ka jiƙa, ka murza tsakanin tafukanka. In ta ƙi haɗuwa, tana ƙaiƙayi a hannu, yashi ya rinjaya. In ta miƙe ta yi tsawo kamar taliya, har ka lanƙwasa ba ta karye ba, yumɓu ya yi yawa, kuma ranar da ta sha ruwa za ta riƙe mota. Ko ka zuba ta a gorar ruwa ka girgiza ka ajiye: yashi zai kwanta cikin minti ɗaya, yumɓu kuwa sai ya kwana ruwan bai washe ba.

Abin da za ka biya a kan kwalta

Kafin ka kai ga lakar, sai ka bi kwalta. Katsina zuwa Daura kusan kilomita 80 ne, zuwa Kano kusan 170. A nan tayar taɓo ke karɓar ladanta.

Na farko birki. A kan kwalta roba ce ke kamawa, giɓi ba ya kama komai. Tayar taɓo robar da take ɗorawa a ƙasa ta fi kaɗan, kuma yawanci ba ta da tsage-tsagen nan masu share siririn ruwan da ke saman titi. Don haka a jiƙaƙƙen titi tana buƙatar ƙarin tazara kafin ta tsaya. Abin ya fi muni a ruwan farko, lokacin da ƙura da man da suka taru tun rani suka jiƙe suka yi santsi. Ka tuna yadda babura da Keke Napep ke faɗowa titi ba sallama a cikin gari, sai ka san darajar kowace mita ɗaya.

Na biyu mai. Duk juyawar da taya za ta yi, robarta na lanƙwashewa ta miƙe, kuma ba duk ƙarfin da aka sa wajen lanƙwasa ta ke dawowa ba, wani na zama zafi. Dogayen haƙora sun fi motsi, tayar kuma ta fi nauyi, don haka asarar ta fi yawa. Wani rahoto na Majalisar Bincike ta Ƙasa ta Amurka a 2006 ya nuna cewa rage wannan turjiya da kashi 10 cikin ɗari na rage shan mai da kashi 1 zuwa 2. Kamar kaɗan ne, amma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kowa ya koyi ƙirga lita.

Na uku zafi. A watan Afrilu zafin Katsina na kaiwa digiri 40, kwalta kuma ta fi haka nesa. Zafi shi ne babban abokin gabar taya, shi ke raba roba da wayoyin da ke cikinta. Taya mai kaurin roba ta fi tara zafi in ana gudu, shi ya sa tayoyin taɓo da yawa ke ɗauke da harafin Q, wato iyakar gudunsu kilomita 160 a awa, yayin da na ko'ina sukan zo da R, S ko T, wato 170, 180 ko 190. Ba cewa aka yi ka yi wannan gudun ba. Harafin na nuna maka yawan rarar da tayar ke da ita kafin zafi ya fi ƙarfinta.

Na huɗu ƙara da cinyewa. Kukan nan da kake ji kamar jirgi idan irin motocin nan sun wuce, haƙora ne ke dukan titi ɗaya bayan ɗaya, iska na fita daga giɓi. Kuma a kwalta haƙoran kan cinye a karkace, gaba da baya ba daidai ba, ƙarar ta ƙaru, sitiyari ya fara rawa.

A hanyar burji mai tsakuwa da gargada, muddin a bushe take, tayar ko'ina ta wadatar, ta ma fi zama daram a kwana.

To wacce za ka saya?

Ɗauki takarda ka rubuta tafiye-tafiyenka na wata guda a rani da wata guda a damina: kilomita nawa a kwalta, nawa a burji, nawa a yashi, nawa a laka. Yawancin masu mota a birnin Katsina za su ga laka ba ta kai ko kashi biyar cikin ɗari ba, ita ma a 'yan makonnin Agusta. In haka lissafinka ya nuna, tayar ko'ina ce taka. Sayen tayar taɓo don kwana goma na shekara, ka kuma yi sauran kwanakin da raunin birki da ƙarin shan mai, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Amma yawan kilomita ba shi kaɗai ne ma'auni ba. Tambayi kanka: ranar da hanya ta jiƙe, zan iya fasa tafiyar? In kana iya jira rana ta fito ƙasa ta tsane, ba ka buƙatar tayar taɓo. In kuwa aikinka ba ya jira, kamar mai kai taki da iri gonakin Funtuwa a tsakiyar damina, ko motar asibiti da ke ɗauko mai naƙuda daga ƙauyen da ke bayan fadama, ko ma'aikatan rigakafi, to kilomita biyar ɗin nan na laka su ne aikin gaba ɗaya. Kai kam sa tayar taɓo, ka kuma rage gudu a kwalta, ka ƙara tazara tsakaninka da na gaba. Mai hali na iya ajiye saiti biyu, ya ɗaura na taɓo daga Yuli zuwa Satumba, ya mayar da na ko'ina in kaka ta yi. Akwai kuma wata tsaka-tsaki da ake rubuta wa R/T, tana da manyan haƙora a kafaɗa da matsattsu a tsakiya.

Kowacce ka zaɓa, kada ka gauraya. Sa iri ɗaya, girma ɗaya a ƙafafu huɗu, har da safaya. Tayoyi masu bambancin girma na wahalar da giyar ja da ƙafa huɗu, masu bambancin zane kuma na sa mota ta ja gefe idan ka taka birki a ruɗe.

In ka je shago

Karanta gefen tayar da kanka. A rubutu kamar 265/65R17 112T, lamba 265 faɗin taya ne a milimita, 65 na nufin tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari ne na faɗin, 17 girman wili ne a inci, 112 na nufin tana ɗaukar kilo 1,120, T kuma harafin gudu ne. Kada ka sayi wadda lambar nauyinta ta gaza abin da kamfanin motar ya rubuta a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba. A wannan takarda kuma za ka ga iskar da ta dace.

Nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara: 2322 na nufin mako na 23 a 2022. Roba na tsufa ko ba a hau ta ba, zafin ƙasarmu kuma na gaggauta hakan. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta daɗe tana gargaɗi kan tayar da ta wuce shekara huɗu. Wannan ya fi shafar tayar taɓo ta hannu, domin tsayin haƙoranta kan sa ta yi kama da sabuwa alhali robar ta bushe ta fara tsattsagewa. Tun da Michelin da Dunlop suka rufe masana'antunsu a Najeriya a 2007 da 2008, kasuwa ta koma dogaro da tayoyin waje, tsofaffi kuma na shigowa duk da cewa suna cikin jerin kayan da kwastan ta haramta. Araha ba ta ado.

Daga ƙarshe, ware ɗan kuɗi ka sayi geji naka, da ƙaramin famfon da ake jonawa a batirin mota, da shebur. Auna iska da safe kafin taya ta yi zafi. In za ka shiga yashi mai zurfi, sauke ta zuwa wajen psi 18 ko 20, ka tafi a hankali, ban da murɗa sitiyari da ƙarfi don kada taya ta fita daga wili. Da ka ji mota ta daina gaba, ɗaga ƙafarka daga totur nan take, ka gwada komawa baya a kan sawunka. Kana hawa kwalta kuma ka mayar da iskar, domin gudu da taya mai ƙarancin iska a zafin nan shi ne hanya mafi kusa zuwa fashewar taya. Ƙoramar da ke gudu da ruwa kuwa, babu tayar da aka ƙera dominta, ka jira ya janye.

Ni dai tun daga ranar Kaita, geji baya barin jakata, yana nan tare da robobin samfurin ƙasa. In direba ya fara yaba mini haƙoran tayarsa, sai in ce madalla, amma bari mu auna iskar tukuna.